Tsakanin Gadon Majinyaci da Kwamfuta

 Shirinmu na yau kan ilimi da sana'o'in kiwon lafiya zai leƙa wani reshe na aikin jinya da ya kafu a Amurka, yake kuma bazuwa zuwa wasu ƙasashe, wato ilimin sarrafa bayanan jinya da kwamfuta, wanda masu fannin ke kira infomatiks na jinya. Za a ji inda ya samo asali, da abin da ake karantawa a digiri na biyu, da irin aikin da ake samu da shi.

A shekarar 1992, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sue Kinnick, wadda ke aiki a asibitin tsofaffin sojoji da ke garin Topeka a jihar Kansas, ta je mayar da motar haya da ta ɗauka. Sai ta ga ma'aikacin kamfanin ya haska wata 'yar na'ura a kan lambar nan mai layi-layi baƙi da fari, irin wadda ake gani a jikin kayan kanti, nan take bayanan motar suka fito. Abin ya tsaya mata a rai. In har za a iya bin sawun mota da wannan lamba, me zai hana a bi sawun magani tun daga ɗakin magani har zuwa bakin majinyaci? Da ta koma Topeka ta haɗa kai da masu harhaɗa magunguna da masu rubuta manhaja na asibitin, suka yi ta gwaji har abin ya tsaya da ƙafarsa. Kinnick ta rasu a 1997, ba ta ga yadda dabarar tata ta game ƙasa ba. Zuwa shekarar 2000 an baza tsarin a asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka, a 2004 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta wajabta wa kamfanoni buga irin wannan lamba a jikin magungunan da ake kai wa asibitoci.

Ga yadda abin yake a aikace. Nas ta turo keken magani zuwa bakin gado. A wuyan hannun majinyaci akwai munduwar roba mai ɗauke da lambarsa. Ta haska munduwar, sunansa da jerin magungunan da likita ya rubuta masa suka bayyana a allon kwamfuta. Ta haska fakitin ƙwayar. Idan maganin na maƙwabcinsa ne, ko lokacin shansa bai yi ba, ko jikinsa ba ya karɓar irin wannan magani, kwamfuta za ta tsayar da ita. Idan komai daidai ne, ta ba shi ya sha, kwamfuta kuma ta rubuta sunan wadda ta bayar da mintin da aka bayar. Duk ɗalibin jinya ya haddace ƙa'idodi biyar na ba da magani: majinyacin da aka nufa, maganin da aka rubuta, adadin da aka ce, hanyar da za a bayar, da lokacin da aka yanka. Abin da Kinnick ta yi shi ne ta sa na'ura ta riƙa taya nas duba waɗannan biyar ɗin a lokacin da gajiya ta kama ta da ƙarfe uku na dare.

Wanda bai taɓa zagayen raba magani ga mutum talatin shi kaɗai ba, da wuya wannan tunani ya zo masa a wurin mayar da mota. Dalilin kafa fannin ke nan.

Masu fannin kan kai tarihinsu har ga Florence Nightingale, wadda ta isa asibitin soja na Scutari a ƙasar Turkiyya a 1854 lokacin yaƙin Kirimiya, ta tattara alƙaluma, ta nuna da zane cewa cututtuka sun fi harsashi kashe sojojin Ingila. Amma cikakken karatun digiri sai a 1988 ya fara, lokacin da Jami'ar Maryland ta buɗe digiri na biyu na farko a wannan fanni. Shekara guda bayan nan, Judith Graves da Sheila Corcoran suka fitar da maƙalar da ta bayyana shi a matsayin haɗakar ilimi uku: na jinya, na kwamfuta, da na sarrafa bayanai. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta amince da shi a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta a 1992, aka kuma fara jarrabawar takardar shaidar ƙwarewa a 1995.

Abubuwa biyu suka buɗe kasuwar aikin. Na farko rahoton da cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ta fitar a 1999, wanda ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar sakamakon kuskuren da za a iya kauce masa. Rahoton ya girgiza jama'a. Na biyu dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Fabrairun 2009, wadda ta ware biliyoyin daloli don saka wa asibitocin da suka bar fayil ɗin takarda suka koma na kwamfuta. A 2008 asibitocin da ke da cikakken fayil na kwamfuta ko da na matakin farko ba su kai 10 cikin 100 ba. Zuwa 2015 fiye da 90 cikin 100 sun mallaki manhajar da gwamnati ta tantance. Kamfanoni irin su Epic da Cerner suka cika asibitoci da manhajojinsu, sai aka wayi gari ana neman mutanen da suka san ɗakin majinyata kuma suka san kwamfuta ruwa a jallo.

To, sai dai kwamfuta ta zo da nata haɗarin, kuma nan ne ya kamata mai sauraro ya kasa kunne sosai.

A shekarar 2013 aka kwantar da wani yaro ɗan shekara 16 a asibitin yara na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, ɗaya daga cikin manyan asibitocin Amurka. Yaron ya saba shan ƙwaya guda ta maganin Septra sau biyu a rana. Nauyinsa kilo 38 da 'yan kai, kuma ƙa'idar asibitin ita ce duk yaron da bai kai kilo 40 ba, da nauyinsa ake lissafa masa magani. Likita ta so ta rubuta miligiram 160, adadin ƙwaya ɗaya ke nan. Ta buga 160, ba ta lura cewa akwatin da ta cike yana kan lissafin miligiram a kowane kilo ba. Kwamfuta ta ninka 160 da nauyin yaro, aka tashi da ƙwaya 38 da rabi. Gargaɗi ya fito a allo, likita ta wuce shi, don kuwa gargaɗi marasa amfani sun ishe ta kullum. Ya sake fito wa mai harhaɗa magani, shi ma ya wuce. Na'urar da ke ƙirga magani ta ƙirgo ƙwayoyin ta ɗaure su tsaf. Nas ɗin da ke bakin aiki a daren matashiya ce, kuma aro ta aka yi daga wani sashe. Yawan ƙwayoyin ya ba ta mamaki, amma duk wadda ta haska sai kwamfuta ta amsa cewa daidai ne, tunda abin da aka rubuta ke nan. Yaron ya shanye su duka. Cikin dare jijjiga ta kama shi, numfashinsa ya tsaya na ɗan lokaci. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, ya rayu. Likitan jami'ar, Robert Wachter, shi ya bi diddigin al'amarin ya bayyana shi a littafinsa The Digital Doctor na 2015.

Babu mugu ko ɗaya a wannan labari. Akwai allo da bai bambanta miligiram da miligiram a kowane kilo yadda ido zai gani ba. Akwai gargaɗin da kamanninsa ɗaya ne, ko ƙari kaɗan aka yi ko an ninka magani sau 38. Akwai kuma nas da aka koya wa yarda da na'ura fiye da yarda da shakkar da ta taso mata. A wannan jami'ar dai, Farfesa Barbara Drew, ita ma ma'aikaciyar jinya ce, ta ƙirga ƙararrawar na'urorin sa ido a ɗakunan kulawa ta musamman guda biyar cikin wata ɗaya na 2013, ta samu fiye da miliyan biyu da rabi. Daga cikin na bugun zuciya da aka bi ɗaya bayan ɗaya, kusan 89 cikin 100 na ƙarya ne. Kunnen da ke jin irin wannan kullum dole ya toshe. Gyaran waɗannan abubuwa, wato wane gargaɗi za a bari, wane za a cire, yaya allo zai kasance, a wane mataki nas za ta tsaya ta kira likita, shi ne aikin yau da kullum na masanin bayanan jinya.

Yanzu bari a dubi karatun. Mai son digiri na biyu a wannan fanni a Amurka, akasari ana neman ya zo da digirin farko na jinya da lasisin aiki mai rai. Jami'o'i da dama na son ya ɗan taɓa aiki a asibiti kafin ya nema, kuma ko da ba su nema ba, shawara ita ce kada a yi gaggawa. Wanda ya tsallake ɗakin majinyata ya faɗa ajin kwamfuta zai fito da takarda, amma ranar da ya tsaya gaban tsofaffin nas-nas yana koya musu sabon tsari, tambaya biyu za su yi masa su gane bai taɓa karɓar duti ba.

Karatun kan ɗauki kimanin shekara biyu, ya fi haka ga mai haɗa shi da aiki. Bayan Maryland, jami'o'in Utah, Minnesota, Duke da Vanderbilt duk sun yi suna a fannin, kuma yawancin darussan yanzu ta intanet ake yin su. Ana koyon yadda ake gina rumbun bayanai da yadda ake tambayarsa ta harshen SQL. Ana koyon rayuwar manhaja tun daga tantance buƙata, zaɓe ko ƙira, gwaji, horar da ma'aikata, ƙaddamarwa, har zuwa auna ko ta biya buƙata. Akwai darasin tafiyar da aiki da kasafinsa, da darasin yadda idon ɗan Adam da hankalinsa ke mu'amala da allo, da dokokin sirrin majinyaci, musamman dokar HIPAA ta 1996. Akwai kuma ƙa'idojin da ke ba manhajoji daban-daban damar musayar bayanai, irin su HL7 da FHIR, domin sakamakon gwajin jini da aka yi a wani asibiti ya karantu a wani. Ba a buƙatar ɗalibi ya zama gwanin rubuta manhaja. Ana dai so ya fahimci masu rubutawa, ya kuma iya fahimtar da su.

Darasi ɗaya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, wato na daidaita kalmomin jinya. A ce majinyaci ya samu gyambon da doguwar kwanciya ke jawowa. Nas ta safe ta rubuta shi da suna ɗaya, ta yamma ta rubuta wani sunan, ta dare ta ce fata ta saɓule. Ga mai karatu abu ɗaya ne, ga kwamfuta abu uku ne, saboda haka ba za ta iya faɗin mutum nawa suka samu gyambon a wannan wata ba, balle a san ko juya majinyaci a kai a kai yana rage shi. Shi ya sa Harriet Werley ta jagoranci fitar da mafi ƙarancin bayanan da ya kamata kowace nas ta rubuta, Virginia Saba ta tsara rukunan ayyukan jinya da kwamfuta za ta iya ƙirgawa, majalisar ma'aikatan jinya ta duniya kuma ta fara aikin kundinta na kalmomi a 1989. Amfanin wannan ya wuce lissafi. Aikin da ba a rubuta shi yadda za a ƙirga ba, ba ya fitowa a kasafin kuɗi, kuma da haka wahalar nas-nas ta daɗe tana ɓacewa a idon masu yanke shawara.

Ƙarshen karatun aikin koyo ne a asibiti ko kamfani, ƙarƙashin wani ƙwararre. Wannan mataki yana da nauyi, domin hukumar ANCC mai ba da takardar shaidar ƙwarewa tana da sharuɗɗa: lasisin jinya, digirin farko, shekara biyu ana aikin jinya, awa 30 na ƙarin ilimi a fannin cikin shekaru uku da suka wuce, sannan ɗaya daga cikin hanyoyin da ta amince da su, kamar awa 2,000 na aiki a fannin, ko kammala digiri na biyu mai ɗauke da aƙalla awa 200 na aikin koyo. Mai son ci gaba yana da hanya biyu a digiri na uku, ɗaya ta shugabancin aiki a asibiti, ɗaya ta bincike da koyarwa a jami'a.

Ayyukan da ake samu iri-iri ne. Wani yana zama mai nazarin manhajar asibiti, shi ke tsara fom ɗin da nas za ta cike. Wata tana horar da ma'aikata. Wasu na aiki da kamfanonin manhaja, wasu da kamfanonin inshorar lafiya ko ma'aikatun gwamnati, wasu kuma na tono bayanai don gano wane sashe ne majinyata suka fi faɗuwa daga gado ko kamuwa da cutar asibiti. A ƙololuwa akwai kujerar babban jami'in bayanan jinya, wanda ke zama da shugabannin asibiti. Ingila ma ta naɗa irin wannan jami'a ta ƙasa baki ɗaya a 2020, Natasha Phillips. Ta fuskar albashi, binciken da ƙungiyar masana bayanan lafiya ta HIMSS ta yi a 2022 ya nuna fiye da rabin waɗanda suka amsa suna samun sama da dala 100,000 a shekara, ko da yake wannan lissafin Amurka ne, da harajinta da tsadar rayuwarta.

Aikin yana da nasa ɗacin. Ranar da aka kunna sabuwar manhaja, masanin bayanan jinya ba ya barci. Likitoci su yi fushi da shi, nas-nas su ce ya ƙara musu danne-danne, masu kwamfuta su ce buƙatunsa sun yi yawa. Kuma wanda ya shiga jinya don ya riƙe hannun mara lafiya zai yi kewar hakan, tunda yawancin yininsa a taro da gaban allo zai ƙare. Mai gudun aikin dare kawai, ba don sha'awar gyaran tsari ba, zai fi kyau ya sake tunani.

Ina wannan ya shafi mai saurare a Kano, Maraɗi ko Kumasi? Ya shafe shi ƙwarai. Duk wanda ya shiga ƙaramin asibitin unguwa a ƙarshen wata ya ga malamar asibiti zaune da manyan rajistoci a gabanta, na awon ciki, na haihuwa, na rigakafi, na masu zuwa ganin likita, tana bin layi da biro tana ƙirgawa don ta cike fom ɗin wata. Fom ɗin ya tafi wurin jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da alƙaluman a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, wadda Najeriya da Nijar da Ghana duk suke amfani da ita. Da waɗannan alƙaluma ake lissafin allurar rigakafi da maganin zazzaɓi da za a turo. Idan ƙirgar ta karkace a teburin malamar, ta karkace har Abuja. Akwai kuma SORMAS, manhajar bin sawun annoba da aka ƙirƙiro bayan ɓarkewar Ebola ta 2014 da haɗin gwiwar masanan Najeriya da cibiyar Helmholtz ta Jamus, wadda ta yi aiki sosai lokacin korona. Fannin ma ba baƙo ba ne a Najeriya, domin a Ile-Ife aka yi taron farko na masana bayanan lafiya na Afirka a 1993.

Abin takaici shi ne sau da yawa ana kawo manhaja asibiti ba tare da an tambayi waɗanda za su yi aiki da ita ba. Sai a iske nas tana rubuta abu ɗaya sau biyu, a takarda da a kwamfuta, ga layin mata masu ciki na jira, ga wuta ta ɗauke, ga sabis ya ƙi. Manyan asibitocin koyarwa na ta komawa fayil na kwamfuta, kuma kuskuren da aka yi a San Francisco yana iya faruwa ko'ina aka dasa allo ba tare da idon mai jinya ba. Haka batun sirri: ɗaukar hoton fayil ɗin majinyaci a tura ta WhatsApp ya zama ruwan dare, alhali Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Ana buƙatar nas-nas da za su zauna a kwamitin da ke zaɓen manhaja, su ce wannan zai yi, wannan ba zai yi ba, kuma a saurare su saboda sun san abin da suke faɗi.

Mai sha'awa yana iya farawa daga inda yake. Wanda takardar kwalejin jinya kawai yake da ita, matakinsa na farko digirin jinya ne. Akwai darussan share fage na DHIS2 da ake yi kyauta ta intanet. Idan asibitinsa zai kawo sabuwar manhaja, ya miƙa kansa cikin waɗanda za a fara horarwa su horar da saura, domin ta wannan ƙofa yawancin masu fannin suka shigo, har a Amurkar. A wajen Amurka an fi samun digirin da sunan bayanan kiwon lafiya gaba ɗaya, wanda likitoci da nas-nas da masu kwamfuta ke zama aji ɗaya, kuma Jami'ar Ghana da ke Legon da Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi duk suna bayar da shi.

Wanda ya nufi na Amurka kuma, ya yi tambayoyi kafin ya biya ko sisi. Shin ɗaya daga cikin hukumomin tantance makarantun jinya, CCNE ko ACEN, ta amince da shirin? Shin suna karɓar lasisin ƙasarsa, ko sai ya ci jarrabawar NCLEX ya samu na wata jiha a can? Wa zai nema masa wurin aikin koyo, jami'a ko shi da kansa, kuma za a yarda ya yi shi a asibitin garinsu? Ya kuma sani cewa karatun da ake yi kacokan ta intanet ba ya ba mutum bizar ɗalibi, saboda haka duk dillalin da ya yi masa alkawarin tafiya da irin wannan shiri, ya nemi ya gani a rubuce daga ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar.